Hula Biyar da Jego Ɗaya

Ƙanwata tana zaune a Ɗorayi, cikin Kano, a gidan haya ciki da falo, suna raba tsakar gida da rijiya da wasu iyalai biyu. Mijinta yana tuƙa Adaidaita Sahu, amma mashin ɗin ba nasa ba ne, kullum da dare sai ya kai wa mai shi balas kafin ya san abin da ya rage na cefane. 'Ya'yansu huɗu. Sana'arta ɗinkin hular hannu. Ni ce yayarta, ina koyarwa a firamare, kuma tun watan Afrilun 2023 nake riƙe mata lissafi a wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Abin da zan faɗa daga wannan littafin ya fito, sai kuma abin da idona ya gane mini. Na nemi izininta ta ba ni, bisa sharaɗin kada in ambaci sunanta ko na maigidanta.

A watan Disambar 2022 ta karɓi aikin hula biyar na ƙaramar salla, tana da ciki wata shida. Ranar salla uku kaɗai ta iya bayarwa. Kuɗin kafin alƙalamin da aka ba ta ya narke ba tare da kowa ya sace shi ba, ta fito daga jego da bashi a wuyanta da jin kunyar mutum biyu. Babu mugu a cikin labarin nan, shi ya sa na ga ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

Yadda hula take fita

Wanda bai taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ba zai ɗauka aikin mutum ɗaya ne. Hannu huɗu ko biyar take bi kafin ta hau kan mai ita. Akwai mai yanka farin yadi gwargwadon awon kai, inci 22 ko 22 da rabi ko 23. Akwai mai zane, wanda yake fitar da adon a kan yadin da biro, kuma yawanci namiji ne. Sai mai ɗinki, ita ce take bin zanen ɗigo-ɗigo da allura, jikin hula daban, kanta daban. Sai mai haɗi. Sai mai wanki, wanda zai wanke ta, ya sa mata sitati, ya ɗora ta a kan itacen da aka sassaƙa kamar kai har ta bushe ta tsaya. Duk cikin jerin nan aikin kowa na awa ɗaya ne ko na yini, mai ɗinki ce take kwashe makonni. Ita ce kuma kaɗai ba ta fita kasuwa, ba ta ganin nawa aka sayar.

A wajen mahaifiyarmu muka koyi ɗinkin gama-gari, ni na watsar, ita ta riƙe. Hannunta bai gyaru ba sai bayan aurenta, da wata baiwar Allah ta kama haya a layinsu. Matar 'yar Bama ce, tana cikin waɗanda suka baro garin lokacin da Boko Haram ta kama shi a watan Satumbar 2014. Duk mai sa hula ya san sunan Bama a wannan harka, kamar yadda ya san huluna irin su Zanna Bukar da damanga da tangaran. Ɗinkin mutanen Borno ƙanana ne ƙwarai, a matse, idan ka juya cikin hular ba ka ganin zare yana reto. Shekara biyu ƙanwata ta yi tana zama gefen tabarmar matar nan. Matar ta sha warware mata aikin kwana uku ta ce sake. Yau idan ka ga hular ƙanwata a kan mutum sai ka rantse daga Maiduguri aka aiko ta.

Da farko wa wani dillali take yi, wani Alhaji mai rumfa a kasuwa. Zai aiko yaro da yadi yankakke zananne, da zarensa, idan ta gama yaron ya zo ya karɓa ya kawo ladan ɗinki. Ladan kaɗan ne, wannan ba a musu. Amma a lura da abin da tsarin yake ɗauke mata: ba ta sa ko kwabo na jari, ba ta neman mai saye, idan hula ta yi kwantai asarar Alhaji ce, idan yaro ya yi zazzaɓi ta makara da mako guda iyakaci a aiko mata da faɗa. Na daɗe ina ganin dillalan nan a matsayin masu shan gumin mata, har yanzu ma ban wanke su tas ba. Sai dai abin da ya faru a 2023 ya nuna mini cewa wani yanki na ribarsu kuɗin ɗaukar kasada ne.

Kullen korona da aka yi a Kano a watan Afrilun 2020 shi ya raba ta da Alhaji. Kasuwa ta rufe, ba a yi hawan salla ba, yaron aike ya daina zuwa. Akwai wata hula da ta ɗinka wa mijinta, ya ɗauki hotonta ya sa a WhatsApp, wani abokinsa ya gani ya ce a yi masa irinta. Daga nan ɗaya ya kawo ɗaya. Kafin shekara biyu ta tara masu saye kusan goma sha biyu, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, har da wani da yake aikowa daga Abuja. Kuɗin da take karɓa a kan hula ɗaya ya ninka ladan Alhaji kusan sau uku. Ita da mijinta suka ɗauka duk ƙarin riba ne.

Ina awannin suke

Bayan abin ya faru na sa ta riƙa ja mini layi a littafi duk lokacin da ta zauna ɗinki, ta kuma faɗa mini daga yaushe zuwa yaushe. Ba ta duba agogo, da salla da rana take auna yini, ni na mayar da shi awa. Hula mai kyau ta irin Bama tana cin mata kusan awa sittin. A ranar da komai ya tafi daidai awa uku take samu: daga hantsi bayan manyan yara sun tafi makaranta an gama shara da wanke-wanke zuwa lokacin ɗora girkin rana, sai kuma ɗan tsakanin la'asar da almuru idan sun wuce Islamiyya. Ke nan mako uku kowace hula, idan ba wanda ya yi ciwo, ba suna, ba rasuwa, ba baƙi. Duk matar da ta yi zaman aure ta san babu mako ukun da yake wucewa haka.

Dare ba ya cikin lissafi. Ɗinkin nan hasken rana yake so, ga wuta ba ta tsayawa, kuma duk ranar da ta matsa wa kanta da fitilar waya washegari da ciwon kai take tashi, layin da ta yi kuma sai an warware rabinsa.

Akwai kuma abin da littafi ba ya kamawa. Awa uku a jere daban, awa uku gutsi-gutsi daban. Mai rarrafe yana gida, allura abin tsoro ce, duk tashin da za ta yi sai ta soke ta a yadi, ta naɗe, ta sa a gwangwani, ta ɗora saman sif. Yadin fari ne, sai ta wanke hannu kafin ta sake taɓa shi, domin ɗigon manja ɗaya ko hannun yaro mai koko ya isa ya jawo magana, kuma ba kowane tabo mai wanki yake iya fitarwa ba. Ta taɓa ce mini: “Yaya, ɗinkin ba shi yake gajiyar da ni ba, ajiyewa da ɗauka ne.”

Da wannan ma'auni hula biyar mako goma sha biyar ne. Daga tsakiyar Disamba zuwa 21 ga Afrilu, ranar da aka yi ƙaramar sallar 2023, mako goma sha takwas ne. A takarda aikin yana shiga. Abin da ba ta cire ba shi ne watan ƙarshe na ciki, lokacin da zama a tabarma da sunkuyo ya gagara, da kuma kwana arba'in na jego. Da na tambaye ta me ya sa ta karɓa, amsarta ba ta wauta ba ce. Haihuwa na tafe, akwai kayan jariri, akwai itacen wanka, akwai fitar suna, kuma kakar hula sau biyu ce a shekara, ƙaramar salla da babba. Ga shi kuma lokacin zaɓe ne, 'yan siyasa da magoya bayansu na ta yin sababbin kaya. Wanda ka ce wa a'a bana, baɗi yana wajen wata.

Wata uku na rashin tsabar kuɗi

Masu hular su biyar kowa ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, kuma duk ta banki suka turo. Ƙanwata ba ta da asusu a lokacin, na mijinta ake amfani da shi. Tun 2020 haka suke yi, idan kuɗi ya shigo ya ciro ya kawo mata a hannu, ba a taɓa samun matsala ba.

Sai ga canjin kuɗi. A watan Oktobar 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya tuna abin da ya biyo baya. An kwashe tsofaffin, sababbin ba su wadata ba, mutane na kwana a layin banki, masu POS na sayar da naira da naira. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, amma sai wajen tsakiyar watan kuɗi ya fara dawowa hannun jama'a.

Wannan ya bugi gidan ta fuska biyu. Fasinjan Adaidaita da tsabar kuɗi yake biya, da tsaba ta ɓace sai mutane suka koma tafiya a ƙasa, wasu ranakun ko balas ba ya haɗuwa. Ita kuma ƙananan mutanen da aikinta ya rataya a kansu, mai zane da mai haɗi da mai sayar da zare, a hannu suke so. Zaren hula uku ta saya tun Disamba, na biyun ƙarshe ta bari sai ta zo kansu. Da ta zo kansu, kuɗin yana cikin asusu ana ganinsa a waya, amma ciro shi sai an bar wa mai POS wani kaso mai tsoka.

A nan ne kuɗin ya fara zurarewa. Mai shagon unguwa yana karɓar tiransifa, saboda haka shinkafa da mai da sabulu daga asusun suka riƙa fita. Mijin bai ɓoye mata ba, duk ranar da ya taɓa sai ya ce: “Na ɗan ara a cikin na hula, in an samu zan mayar.” Ita kuma me za ta ce, yara na jiran tuwo? Da muka zauna daga baya muka bi saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya, babu fita ko ɗaya da za ka nuna ka ce almubazzaranci ne. Awo da magani, kuɗin makarantar yara, buhun gawayi, cikon balas sau huɗu. Ta haihu ranar 9 ga Maris, aka yi suna ranar 16, kwana biyu kafin zaɓen gwamna, ragowar ta tafi a cikon kuɗin rago. Azumi ya kama ranar 23.

Mahaifiyarmu ta zo ta zauna da ita mako uku, kuma ta kafa doka: mai jego ba ta riƙe allura, ido yake kashewa. Ko likita zai yarda da wannan ko ba zai yarda ba, ni dai na goyi bayan Inna, domin macen da take wankan ruwan zafi safe da yamma, tana shayarwa dare da rana, ba ta da abin da za ta ba hula. Duk da haka da Inna ta tafi sai ta koma ɗinki a ɓoye, ta ƙarasa ta ukun tana kwana ashirin da 'yan kai da haihuwa. Arba'in ya cika ranar 18 ga Afrilu, saura kwana uku salla. Hula ta huɗu an yi rabin jikinta, ta biyar ko zarenta ba a saya ba.

Mai ta huɗun ya yi haƙuri, ya ce a ba shi ita da babbar salla. Mai ta biyar bai yi ba. Ya ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ba aski a dawo masa da kuɗinsa, kuma gaskiyarsa ce. Ni na ranta mata aka biya shi. Bai sake dawowa ba, ya kuma tafi da mutum biyu da shi ya kawo su.

Abin da littafin ya nuna

Ranar da na kai mata rancen na tafi da littafin. Muka ɗauki hula ɗaya muka fasa kuɗinta gida-gida: yadi, zare, mai zane, mai haɗi, mai wanki, kuɗin motar yaron da yake zirga-zirga tsakaninsu, katin waya da data. Kusan rabin abin da mai saye yake biya a nan yake tafiya. Abin da ya rage shi ne ladanta, kuma da muka kwatanta da abin da Alhaji yake ba ta a da, ƙarin bai kai yadda take zato ba. Ya fi, amma ba ninki uku ba. A kan wannan ɗan ƙarin ta ɗauki neman masu saye, da jari, da alkawarin rana, da jin zafin wanda aka saɓa wa. A wata mai kyau, abin da yake zama nata bai kai mafi ƙarancin albashi na lokacin ba, wato naira 30,000.

Ta yi shiru ta ce: “To ni duk shekarun nan me nake yi?” Na ce mata ciyar da gida take yi ba ta sani ba. A nan nake ganin asalin matsalar take, canjin kuɗi tona ta kawai ya yi. A shari'a abin da mace ta samu nata ne, ci da sha da sutura da muhalli suna kan miji, kowace 'yar Islamiyya ta san wannan. A zaman yau da kullum kuwa kuɗin sana'ar mace shi ne abin da ake toshe kowace ɓaraka da shi: maggi ya ƙare, takalmin yaro ya tsinke, bikin ƙawa ya taso, zubin adashi ya zo. Ba laifi ba ne ta taimaka, ita ma ba ta taɓa cewa an tilasta mata ba. Inda aka kuskure shi ne ba a bambanta riba da uwar kuɗi, balle kuɗin kafin alƙalami, wanda ba nata ba ne ma tukuna, amanar mai hula ce. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, su kuwa sun shanye na cikin.

Gyaran da aka yi

Na farko ta buɗe asusu da sunanta. Ta yi BVN, ta haɗa da katin ɗan ƙasa, yini biyu ya ci mata da goyo a baya. Na ji tsoron yadda mijin zai ɗauki abin, sai ga shi shi ya kai ta a mashin ɗinsa. Ya ce da ni: “Yaya, wallahi sauƙi ne a gare ni. In kuɗin yana wajena ina ganinsa, ba zan iya kallon yara da yunwa in ce na wani ne ba.” Yanzu in gida ya matse yana tambaya, ta ba shi daga gefen riba, in rance ne a rubuta. Ba kullum yake mayarwa ba, ita ma ba kullum take tambaya ba, amma an san adadinsa.

Na biyu, ranar da kuɗin kafin alƙalami ya shigo ranar ake sayen yadi da zaren hular gaba ɗaya, a sa a leda da sunan mai ita. Wannan dabara ta yi rana fiye da yadda muka zata. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 750, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Zare mai kyau daga waje ake shigo da shi, yana bin dala sawu da ƙafa. Matan da suka yanka farashi da mai saye a Rajab suka je sayen zare a Ramadan da yawa kyauta suka yi aikin. Tsadar fetur kuwa mijin ta daka kai tsaye, gidan ya ƙara jingina a kan allurarta a daidai lokacin da take ƙoƙarin raba kuɗin gida da na sana'a.

Na uku, ta sa wa kanta ranar rufe karɓar aiki. Hular ƙaramar salla daga watan azumin tsofaffi ya fita ba ta ƙara karɓa, ko nawa za a ba ta. A Ramadan ɗinki kusan tsayawa yake yi, ga girkin buɗa baki, ga sahur, ga jiki ba ƙarfi.

Na huɗu shi ne wanda na fi jin nauyin faɗa. Ta fara raba aiki. Akwai wuraren da ciko ne kawai, ba sa buƙatar gwaninta sosai, sai ta riƙa ba wasu 'yan mata biyu na gidan da suke haya, ita ta riƙe kan hula da gefen da ido yake fara sauka. Hula ta koma fita a mako biyu. Ladan da take ba su kuwa, da na duba, bai wuce irin wanda Alhaji yake ba ta a da ba. Na faɗa mata, ta yi dariya ta ce yanzu ta gane abin da Alhaji yake nufi da yake cewa kasuwa ce ba ta bari. In ta ƙara musu sai ta ƙara wa mai saye, shi kuma ga hular inji a kasuwa da kuɗinta bai kai rabin na hannu ba, daga nesa ba kowa yake bambancewa ba. Mun yi ta ja, a ƙarshe ta yarda ta ƙara musu kaɗan, kuma tana koya musu ɗinkin Bama kyauta kamar yadda aka koya mata. Ban ce an yi adalci ba, an dai matsa.

Maganar da ba mu gama ba

Babbar 'yarta, mai sunan Inna, shekararta takwas lokacin da aka yi haihuwar. A watannin da suka biyo baya, awa ukun nan na ɗinki ba daga sama suka dawo ba. Safiya ta tafi a hidimar jariri, saura yamma, kuma yamma ba ta samuwa sai wani ya riƙe shi. Yarinyar ce take goya shi tana zagaya tsakar gida. Da farko ranar Alhamis da Juma'a ne da ba Islamiyya, daga baya ya zama duk ranar da aiki ya matse. Ita ce kuma 'yar aike wajen mai zane da mai haɗi, domin ta fi yaron maƙwabta riƙon amana kuma ba a biyanta.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sana'ar matan da ba sa fita tun asali a kan ƙafar yara take tafiya, su ne masu talla, su ne masu kai saƙo, mu ma haka muka tashi. Amma ni malama ce, na san fuskar yarinyar da take zuwa aji ba ta yi aikin gida ba tana gyangyaɗi, na kuma san inda hanyar take ɓullewa. Sakamakon zango na uku ya fito ta sauka sosai, malamin Islamiyya ya aiko cewa an wuce ta da shafi da yawa a hadda.

Mun yi faɗa a kan wannan, faɗa na gaske, har muka yi mako biyu ba ma waya. Ta ce da kuɗin hular ake biyan makarantar da nake magana a kai, in ta ajiye allura yarinyar gida za ta zauna gaba ɗaya. Ta ce ni ina da albashi da 'yar aiki, bakina da sauƙin magana. Ba ƙarya ta yi ba. Na ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma ba daidai ba ne a ce yarinya 'yar shekara takwas ce za ta tauna mata ta biyun. Ni ma ban yi ƙarya ba.

Matar nan ta Bama ce ta kawo abin da ya ɗan sassauta. Ta manyanta, idonta ya daina ganin ƙananan ɗinki, tana zaune ba aikin yi. Ta ce a riƙa kawo mata yaron daga la'asar zuwa magariba, ƙanwata kuma ta riƙa zuba mata abincin dare. Haka ake yi har aka yaye shi. Yarinyar ta koma Islamiyya kullum, aiken mai zane ya koma kan mijin, yana biyawa da safe kafin ya fara ɗaukar fasinja, duk da yana ƙorafin man da yake ƙonawa.

A sallar 2024 hula huɗu ta karɓa, ta ba da huɗu, ta ƙarshen saura kwana shida salla. Ta biya ni rancena a zubi uku. Cikin mutum ukun da suka tafi ɗaya ya dawo. Ribar wata har yanzu ba ta kama ƙafar naira 70,000 da aka mayar da mafi ƙarancin albashi a watan Yulin 2024 ba, kuma ta fara riƙe yadi nesa da fuskarta in za ta zura zare, na ce ta je a duba idon tana ta ɗaga ranar.

Watan jiya na je na tarar da mai sunan Inna zaune gefen tabarma da ƙyallen yadi da allura, uwar tana nuna mata yadda ake matse ɗinki. Ranar Alhamis ce, ba makarantar yamma. Na tambayi yarinyar ko ta yi aikin gida, ta ce ta yi, ta ɗauko ta nuna mini. Ƙanwata ba ta ɗago kai ba ta ce: “Yaya, duba mini littafin nan, mutumin Abuja ya turo rabin kuɗi jiya, ban rubuta ba.”